Alhaji na son sayar da baburan burodinsa ya sayi na lantarki

Alhaji Mai Burodi (Garwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Waɗanda suka san ni sun san gidan burodi gare ni a unguwar Yelwa, nan Garwa a arewacin Kamaru. Babura shida ke raba mana kaya cikin gari tun da asuba, sai tsohuwar Hilux ɗaya da ke kai wa Pitowa da Figil, wani lokaci har Gider. Tun Fabrairun 2024 da litar fetur ta koma sefa 840, gazuwal (man dizal) 828, ribar burodi a tankin babur take ƙarewa. Ga 'yata da ta gama karatu a Ngaundere ta tasa ni gaba, wai in sayar da su duka in sayi masu aiki da lantarki, kuɗi su ragu, hayaƙin da ke ɓata yanayi ma ya ragu. Wanda ya san kan abin ya faɗa mini gaskiya, ba na son daɗin baki.

Ɗan Kuseri: Wa alaikumus salam. Alhaji, da wace wutar? 😂

Maman Sadiku (Marwa): Kai Ɗan Kuseri, bari mutum ya gama sallama mana.

Ɗan Kuseri: Hajiya, ai tambaya ce. Wayar da nake rubutu da ita ma a shagon mai caji na cika ta. Wanda bai iya cika waya a gidansa ba shi zai cika babur shida?

Injiniya (Ngaundere): Tambayar Ɗan Kuseri tana kan hanya, amma mu fara da lissafi tukuna. Babur irin wanda 'yan kalando, wato masu baburan haya, ke hawa, idan da kaya a bayansa, yana shan lita biyu da rabi zuwa uku a kilomita 100. A farashin gidan mai, wajen sefa 2,100 zuwa 2,500 ke nan. Na lantarki yana cin awon wuta huɗu zuwa biyar a wannan tafiyar, ina nufin kilowat na awa, abin da mitar gidanku ke ƙirgawa. Ko a mataki mafi tsada na masu shago, awo ɗaya bai kai sefa 100 ba. Kun ga bai wuce 500 ba. Babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu wanke kafireta. Ta fuskar kuɗin tafiya 'yar Alhaji ta yi gaskiya, babu ja. Inda gizo ke saƙar shi ne batir da kuma inda za a samo wutar.

Alhaji Mai Burodi (Garwa): Injiniya, 500 da 2,500? Ka tabbata?

Injiniya (Ngaundere): Na tabbata, Alhaji. Injin mai yana zubar da mafi yawan ƙarfin fetur ne ta hanyar zafi, shi ya sa salansa ke ƙona ƙafar yara. Injin lantarki kuwa kusan duk abin da ya karɓa taya yake ba.

Mai Zuwa-zuwa: Salamu alaikum. Ni dai ina ji ana shirin kashe mini kasuwar zuwa-zuwa, man kwalba na bakin titi, ina zaune.

Ɗan Kuseri: Kasuwarka ai Tinubu ya riga Alhaji kashe ta.

Mai Zuwa-zuwa: Wallahi ba ƙarya. Tun Mayun 2023 da aka cire tallafin mai a Najeriya, jarkar da ake shigowa da ita ta Mubi da ta Yola ta daina barin abin kirki. Da can wa ke zuwa gidan mai a Garwa in ban da motar gwamnati? Kowa kwalba yake saye a bakin titi. Shi ya sa Alhaji bai taɓa jin zafin mai ba sai yanzu. Amma Alhaji, ka riƙe wannan: ni ko tsakar dare yaronka ya buga mini ƙofa zan zuba masa lita. Wutar gari fa ba ta jin bugun ƙofa.

Usta Bakanike (Garwa): Alhaji, ranka ya daɗe, ni ke gyara maka baburan nan, don haka kada a ce tsoron rasa ciniki ne ya sa ni magana. Ko da yake akwai shi kaɗan, ba zan ɓoye ba. Abin da nake gani shi ne kayan gyara. Babur ɗin Sin na fetur, ko wane kusurwa na kasuwa ka shiga za ka samu fistin da zobe da kilaci, yaron da ya yi shekara a gareji ma zai kwance ya ɗaura. Na lantarki an kawo mini guda biyu. Ɗaya akwatin da ke sarrafa wutar ne ya ƙone, aka nema a gari babu, sai da aka aika Duwala. Na biyun ya fi ban haushi. An sayar wa mai shi a kan batirin litiyom ne, da na buɗe sai ga batiran dalma irin na mota an jera an rufe da roba mai kyau. Bai kai ko'ina ba zafin bazara ya kumbura su. Burodi kuma ba kayan jira ba ne. Babur ya kwana uku a gareji, mai shayi ya koma wajen wani, shi ke nan.

Maman Sadiku (Marwa): Usta, duk abin da ka faɗa haka aka faɗa lokacin da faifan sola ya shigo. Wai ba mai gyara, wai ƙura za ta kashe shi. Yau kowace unguwa a Marwa akwai yaron da ke haɗa sola. Mu masu albasa da yawa mun ajiye injin ban ruwa na fetur mun koma famfon rana a lambu. Sana'a bin kasuwa take yi. In baburan suka yi yawa kayan gyara za su biyo su, kai ma za ka koya.

Usta Bakanike (Garwa): Zan koya Hajiya, amma a kan babur ɗin wa? Na Alhaji?

Ɗan Kuseri: 😂😂

Injiniya (Ngaundere): Bari in koma kan wuta, don nan ne maganar rage hayaƙi za ta tsaya ko ta faɗi. Jihohinmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, layinmu daban yake da na kudu. Madatsar Nachtigal da aka gama a kan kogin Sanaga tana ba da megawat 420, amma ba ta iso mu, sai an kammala layin da zai haɗa kudu da arewa har ya wuce Cadi. Mu uwar wutarmu Lagdo ce, a kan Binuwai, tun 1982, injina huɗu, megawat 72 idan ruwa ya cika. Ruwan kuma ba kullum yake cika ba, yashi ya cinye wani ɓangare na tafkin, jama'a sun ninka. Duk wanda ya zauna a Garwa ko Marwa a 2021 ya san yadda aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa. Idan Lagdo ta gaza, injinan gazuwal ake tayarwa, irin na Jambutu a Garwa. Abin da ya kawo sauƙi shi ne tashoshin hasken rana na Marwa da Gider da kamfanin Scatec ya kafa, da batiran ajiya, megawat 36 gaba ɗaya lokacin da aka ƙaddamar da su a 2023.

To ma'anar wannan ga Alhaji: babur ɗin da aka cika da wutar gari da rana, galibi ruwan Lagdo da rana ya sha, hayaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Amma in wuta ta ɗauke ka tayar da janareta don ka cika batir, ka koma gidan jiya. Janaretan gazuwal mai kyau yana shan kusan sulusin lita a kowane awo ɗaya. Awo biyar ya haura lita ɗaya da rabi, kowace lita kuma tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Babur ɗin fetur lita uku, kowace kilo 2.3. Ka rage, amma ba da yawa ba. In kuma ƙaramin janaretan fetur ne irin na shago, babu abin da ka rage, hayaƙin kawai ka ɗauko daga titi ka kawo tsakar gidanka.

'Yar Alhaji: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Baba ne ya ce a sa ni a zauren in kare kaina. Kawu Injiniya, ni ma ban ce a dogara da wutar gari ba. Abin da na faɗa wa Baba shi ne sana'armu ta dace da rana fiye da ta kowa. Yaranmu suna fita bayan sallar asuba, kafin ƙarfe goma sun dawo. Daga nan har la'asar baburan a jingine suke, rana kuma tana dukan kwanon gidan burodi a banza. Faifan sola mai wat 500 yana ba da awo biyu zuwa biyu da rabi a yini a ƙasarmu. Batirin babur mai bolt 72 da amfiya 40 bai kai awo uku ba. Faifai biyu sun ishi babur ɗaya. Kuma tunda da rana za a cika, ba sai an sayi manyan batiran ajiya na dare ba, waɗanda su ne ke sa sola tsada. Ɗan kalando ba zai iya haka ba, shi yini yake a titi. Mu za mu iya.

Injiniya (Ngaundere): Madalla 'yata. Wannan ita ce maganar. Ki ƙara faifai ɗaya a kan lissafinki saboda hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kansu, a kuma sa yaro ya riƙa gogewa.

Baban Hafsa (mai tirela): Alhaji, babura ku ƙarata, ban san su ba. Amma Hilux ɗin nan kada ka taɓa ta. Ni daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere nake ɗaukar kaya zuwa Njamena. Ngaundere zuwa Garwa kusan kilomita 280, Garwa zuwa Marwa fiye da 200, daga nan ka kama Mora, Waza, Dabanga har Kuseri, wanda ya bi ya san irin hanyar. A ina za ka tsaya ka sa caji? Mai in ya ƙare a daji yaro zai hau babur ya kawo galan. Batir in ya ƙare sai a jawo ka da igiya. Kuma motar ɗaukar kaya ta lantarki kuɗinta zai sayi wani gidan burodin.

'Yar Alhaji: Kawu, Garwa zuwa Gider da dawowa bai fi ƙarfin motocin lantarki na yanzu ba, da yawa suna yin kilomita 300 a caji ɗaya.

Baban Hafsa (mai tirela): A takarda, 'yata. A sanyin Turai, a kan kwalta mai santsi, babu kaya. Ɗora mata buhunan fulawa a watan Afrilu, ki kunna na'urar sanyi, ki shiga ramuka, sai mu sake lissafi.

Injiniya (Ngaundere): A nan ina bayan Baban Hafsa. Batirin mota ya ninka na babur sau ashirin ko fiye, faifan da zai cika shi a yini ya fi ƙarfin rufin Alhaji. A bar Hilux tukuna.

Abba na Njamena: Ku a Kamaru ma kuna da bakin magana. Mu muna da matatar Jarmaya tun 2011, man a ƙasarmu ake haƙowa, amma a Fabrairun 2024 aka ɗaga litar fetur daga 518 zuwa 730. Wuta kuwa, mutum ɗaya cikin goma ko sama da haka kaɗan ke samun ta a duk Cadi, ita ma yawanci da mai ake yin ta. Duk da haka ni ina ganin mu ne muka fi kowa buƙatar abin da 'yar Alhaji ke faɗa. Wanda ba shi da wutar gari ba shi da abin jira, rana ce kawai tasa.

Ɗan Kuseri: Ni fa maganar hayaƙin nan ce ba ta shige ni ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin duniya. Sin da Amurka da Turai suka ɓata sama, sai a ce Alhaji mai babur shida ne zai gyara? Su fara tukuna. Habasha da ta hana shigo da motocin fetur a 2024 babbar madatsa gare ta a kan kogin Nilu, ga shi ba ta da kuɗin waje na sayen mai. Lissafin aljihu ne, ba son duniya ba.

Maman Sadiku (Marwa): Ɗan Kuseri, kai da ruwa ya shiga garinku a 2022 ya sake shiga a 2024 kake wannan magana? Gadar Yagwa ruwa ya karya ta, Njamena mutane da kwalekwale suka riƙa fita daga gidajensu. Na yarda ba mu muka haddasa ba. Amma ka ajiye maganar sama, ka tsaya a mahaɗar kasuwa da yamma lokacin da 'yan kalando suka taru, ka shaƙi abin da 'ya'yanmu masu talla ke shaƙa. Wannan hayaƙin ba Amurka ta aiko shi ba. Ni ko don tari da ƙara ma na yarda da babur mara salansa.

Ɗan Kuseri: Hajiya na ji, amma lissafin aljihu ne zai sa mutane su canza, ba wa'azi ba.

Maman Sadiku (Marwa): To ai ga shi aljihun ma ya yarda. Me ya rage?

Malam na Lopere: Ku yi haƙuri in jefa tawa. Alhaji, da me kake gasa burodin?

Alhaji Mai Burodi (Garwa): Da itace mana Malam, kowa ya sani.

Malam na Lopere: To ni abin da ya ɗaure mini kai ke nan tun ɗazu. Kullum ina ganin amalanken itace na shiga gidanka. Injiniya, tsakanin tandun nan na gasa burodi da babura shida, wa ya fi hayaƙi?

Injiniya (Ngaundere): Malam ya taɓo inda ke ciwo. Kilo ɗaya na busasshen itace yana fitar da kusan kilo 1.7 na iskar kabon. A ce babura shida suna shan lita goma sha biyu a yini, kilo 28 ke nan. Itacen da bai kai kilo 20 ba ya biya wannan, ɗauri ɗaya ke nan na kirki. Da ana dasa madadin abin da aka sara, da sabon icen ya shanye hayaƙin tsohon. Ba a dasawa. Tun zamanin Ahijo aka fara shirin Sahel Vert a shekarun 1970, aka farfaɗo da shi a 2008, darbejiyar da ke yi wa titunan Marwa inuwa dasa ta aka yi. Amma dubi inda masu itace ke zuwa yanzu kafin su cika mota.

Alhaji Mai Burodi (Garwa): Ikon Allah. Na zo neman shawara a kan babur, an koma kan tanduna. Malam, burodin itace shi masu shayi ke so, na gas ba ya yin ƙamshin nan. Kuma tandun lantarki da wannan wutar tamu, ƙullu zai kumbura ya zube ana jira.

Malam na Lopere: Ban ce ka rushe ba, Alhaji. Cewa na yi in niyyar rage hayaƙi ce, a san inda ya fi yawa. In kuma niyyar rage kuɗin mai ce, a faɗe ta haka, ba laifi ba ne.

'Yar Alhaji: Malam ya yi gaskiya, na sha faɗa wa Baba. Ko ƙofar ƙarfe mai rufuwa da kyau da ƙarin kaurin bango za su rage itacen. Amma Baba ya ce tandun tun na Kaka ne.

Alhaji Mai Burodi (Garwa): Ke, a zaure za ki tona ni? A koma kan babur.

Usta Bakanike (Garwa): Tunda an ambaci tandu, Alhaji, in har ka saya, wurin caji ya yi nesa da shi. Batir ba ya shiri da zafi. Garwa a Maris da Afrilu ana haura digiri 40, ga wutar tandu a gefe. A yi rumfa daban mai iska, kuma yaro in ya dawo kada ya soka caji nan take, ya bari batirin ya huce.

Injiniya (Ngaundere): Haka ne. A nemi batirin litiyom irin wanda ake rubuta wa LFP. Ya fi jure zafi, bai cika kamawa da wuta ba, yana ɗaukar caji sau dubu biyu zuwa sama, na dalma kuwa ɗaruruwa ne kawai. Babu kobalt a cikinsa ma, ƙarfen nan da mafi yawansa daga Kwango ake haƙowa ana ta ce-ce-ku-ce a kai. A tambayi mai sayarwa kuɗin batirin shi kaɗai kafin a biya, don shi ne kaso mafi tsoka a kuɗin babur ɗin, kuma wata rana sai an sake shi. Duk ribar man da aka tara, a ware wani abu a ajiye masa. A Ruwanda da Benin da Togo kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun ɗauke wa masu babur wannan nauyi, batirin nasu ne, ka kawo wanda ya ƙare a musanya maka da cikakke ka biya kuɗin wuta. Kigali ma ta daina yi wa sababbin baburan haya na fetur rajista tun Janairun 2025. Alhaji shi nasa batirin zai mallaka, ribarsa tasa, asararsa tasa.

Abba na Njamena: Kuɗin duwan fa, wato kwastan? Mu nan shi ke kashe komai.

'Yar Alhaji: Yaya Abba, dokar kasafin Kamaru ta 2025 ta rage rabin darajar da ake lissafa kuɗin duwan a kai ga sababbin motoci da baburan lantarki, har da batiransu da na'urorin caji, na tsawon wata 24. Sababbi kawai, ban da na hannu.

Baban Hafsa (mai tirela): A riƙe takardar dokar a hannu lokacin fitar da kaya, shawarata ke nan.

Alhaji Mai Burodi (Garwa): To jama'a, na gode, Allah ya saka. Ga inda na tsaya. Hilux tana nan. Babura biyu da suka fi tsufa zan sayar, in sayi na lantarki biyu, a ɗora faifai shida a rufin ɗakin ajiya, can nesa da tandu. Sauran huɗun su ci gaba da shan mai har mu ga yadda sababbin za su fita daga bazara da damina. In sun tsallake Afrilu da ruwan Agusta, sai a ƙara. Maganar tandu kuma, Malam, za mu yi ta a masallaci ba a nan ba.

Mai Zuwa-zuwa: Alhamdu lillahi, huɗu sun rage mini.

Usta Bakanike (Garwa): Sharaɗina ɗaya, ranka ya daɗe. Kafin ka biya, a kawo babur ɗin gareji in buɗe akwatin batir da hannuna. Mai sayarwa in ya ƙi, ka san dalili. A kuma haɗo da akwatin sarrafa wuta guda na ajiya da caja ɗaya.

Ɗan Kuseri: Saura abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Yaran da ke rage lita ɗaya daga kuɗin mai su sha shayi, wa zai gaya musu an daina ba da kuɗin mai? Ni ina ganin babur ɗin farko ba zafi ne zai kashe shi ba.

Alhaji Mai Burodi (Garwa): Wannan kuma bar ni da su. Usta, ka biyo ta gidan burodi bayan la'asar mu auna rufin.